Yi Wa Waya Rutin: Tambayoyi da Amsoshi Kan Garanti, Afdet da Manhajar Banki

Shagona yana wajejen Wunti a cikin garin Bauchi, kuma ɓangaren manhaja nake yi: filashin, dawo da wayar da ta maƙale a tambarin kamfani ta ƙi tashi, da cire makulli ga mai waya idan ya manta, matuƙar ya zo da rasit. Da wuya mako ya ƙare wani bai tsaya bakin teburina ya ce, "Injiniya, nawa za ka yi min rutin?" ba. Yawancinsu ɗalibai ne daga Gwallameji ko Yelwa, jefi-jefi kuma a samu ɗan kasuwar da yaron shagonsa ya zuga shi. Tambayoyin iri ɗaya ne suke ta dawowa, shi ya sa na tara su wuri guda na amsa yadda nake amsawa idan babu cunkoso. Ni ina son rutin, da shi na koyi rabin abin da nake cin abinci da shi yau. Damuwata ita ce yawancin masu nemansa sun san abin da za su samu, amma ba wanda ya gaya musu abin da za su bayar.

Wai shin mene ne rutin ɗin nan?

An gina Android ne a kan Linux, kuma a tsarin Linux akwai wani asusu guda da ya fi kowane iko, babu fayil ɗin da ba zai iya buɗewa ko canzawa ko gogewa ba. Sunan asusun a Turance "root" ne, wato saiwa, daga nan kalmar rutin ta samo asali. Kamfanin da ya ƙera wayarka ba ya ba ka wannan asusu. Kamar ka sayi gida ne a miƙa maka makullan zaure da ɗakuna da kicin, amma a riƙe na wani ɗan ɗaki inda wayoyin lantarki da bututun ruwan gidan duk suka haɗu. Rutin shi ne karɓar makullin wannan ɗaki.

Kuma ba rowa ce kaɗai ta sa aka riƙe shi ba. A Android kowace manhaja tana cikin nata shinge, manhajar wasan ƙwallo ba ta da ikon leƙa abin da manhajar bankinka ta ajiye. Duk wadda ka ba ikon rutin ta tsallake shingen nan, ko'ina ta ga dama za ta shiga.

Hanyar da aka fi bi yanzu ita ce Magisk, wadda wani matashi ɗan Taiwan mai suna John Wu ya fitar a 2016. Ba ta taɓa babban sashen manhajar waya, ɗan fayil ɗin da waya ke tashi da shi take gyarawa. A 2021 kamfanin Google ya ɗauki John Wu aiki a sashen tsaron Android. Ina yawan ba yaran da ke koyon aiki a wurina wannan labari, don su san abin da ake gani kamar wasa ne yana iya kai mutum nesa.

Da filashin da rutin da buɗe butloda, ba duk abu ɗaya ba ne?

A'a, kuma rikita su ne ke jawo rigima tsakanin masu gyara da masu waya.

Filashin da muke nufi a shago, ba na kira a katse ba, shi ne sake zuba wa waya manhajarta daga kwamfuta. Idan ainihin manhajar kamfani aka zuba, wadda ta dace da wayar, ba a karya wata ƙa'ida ba, abin da cibiyoyin gyara na kamfanoni ke yi ke nan kullum.

Butloda kuwa shi ne mai gadin ƙofa. Shi ne ke fara farkawa idan ka danna makunni, ya duba ko manhajar da ke ciki tana ɗauke da sa hannun kamfani, in babu ya hana ta tashi. Ba za ka yi rutin a wayar zamani ba sai ka sallami mai gadin nan tukuna. Ranar da ka buɗe shi, wayar za ta goge komai da kanta: hotuna, lambobi, saƙonni, duka. Da gangan aka yi haka don kada ɓarawo ya bi ta nan ya kai ga sirrinka. Daga ranar kuma duk lokacin da ka kunna ta sai ta nuna gargaɗi, a wayoyi masu injin MediaTek za ka ga wasu ƙananan rubutu suna cewa "Orange State".

Ba kowane kamfani ne ma ke yarda ba. Huawei ya daina ba da lambar buɗewa tun 2018. Xiaomi ya daɗe yana sa mutum ya jira awa 168, wato mako guda cur, daga baya ya ƙara tsaurara sharuɗɗan. Wayoyin Samsung da aka yi don kasuwar Amurka, waɗanda ke shigo mana a matsayin na hannu, yawancinsu ba sa buɗuwa sam. Pixel ta Google ita ce mai sauƙi, in dai ba wadda kamfanin layi ya kulle ba ce.

To, idan na yi rutin garantina ya tafi ke nan?

A takarda akwai ja-in-ja, amma a aikace, a nan inda muke, ka ɗauka ya tafi.

Ka ɗauko ɗan littafin da ke cikin kwalin wayarka, wanda yawancinmu ke yarwa tare da leda. Bayan an lissafa faɗuwa da shigar ruwa da fashewar gilashi, kusan koyaushe akwai layin da ke cewa garanti bai shafi wayar da aka canza manhajarta ba da izini ba. Rutin da buɗe butloda a nan suka faɗa. Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne kuma Carlcare ke gyara su, garantinsu wata 12 ne da ƙarin wata 1. Wata 13 na gyara kyauta ba ƙaramin abu ba ne a yanayin da kuɗin injin waya ke neman kamo rabin kuɗin sabuwa.

Bara wani ɗalibi ya zo min da waya 'yar wata huɗu, ta wani kamfani da ba zan kama suna ba. Abokinsa na ɗaki ne ya yi masa rutin don su cire manhajojin da suka zo da ita. Bayan mako biyu wayar ta daina shan caji sai an karkata wayar caja an danne da littafi. Ya kai cibiyar gyara da rasit ɗinsa da kwalinsa, ma'aikacin ya kunna, gargaɗin nan ya fito, ya tura masa ita ta kan teburi ya ce wannan ta fita daga garanti. Ya iso wurina idonsa ya yi ja, yana juya wayar a hannu. Ya ce, "Yaya, wallahi rutin bai taɓa wajen caji ba." Na ce, "Gaskiyarka ƙanena, bai taɓa ba. Amma da su za ka yi wannan musu, kuma takarda tana hannunsu." Maƙwabcina mai gyaran ɓangaren ƙarfen waya ya canza masa bakin cajin, ya biya daga kuɗin abincinsa na wata.

Har yau ina ganin ba a kyauta masa ba. Bakin caji ƙarfe ne, manhaja ba ta cinye shi, kuma adalci shi ne a duba ko rutin ne ya jawo matsalar kafin a kori mutum. Sai dai ma'aikacin da ke bakin kanta ba alƙali ba ne, umarni yake bi, kuma mafi sauƙi a gare shi ya ce a'a.

Wani abin lura: wayoyi da yawa a kasuwarmu dama ba su da garantin kamfani. Na hannu da ake saro wa daga Ikeja ko Farm Centre ta Kano, abin da ke kansu alkawarin mai shago ne na 'yan kwanaki. Shi ma idan ka yi rutin a cikin kwanakin gwajin ka dawo da ita, ba zai karɓa ba, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Idan na cire rutin ɗin na mayar da komai, za su gane?

Ya danganta da wayar. A wasu, idan ka zuba ainihin manhajar kamfani ka sake kulle butloda, ba abin da mai duba na yau da kullum zai gani. Amma a kula da jerin aikin: manhajar asali tukuna, sannan kullewa. Wanda ya kulle butloda alhali akwai sauran gyararren fayil a ciki ya mayar da mai gadi bakin ƙofa ne da umarnin kada ya bar baƙo ya shiga, kuma baƙon shi ne manhajar wayar da kanta. Ba za ta tashi ba, wani lokaci ma ba za ta yarda a sake buɗe ta ba.

Samsung kuwa nata daban ne. Tun 2013 kamfanin ya shigo da tsarin tsaro mai suna Knox, kuma a cikin injin wayar akwai wani ɗan ƙaramin fis na lantarki. Da zarar an zuba fayil marar sa hannun kamfani, fis ɗin ya ƙone, lambar da ke nuna 0x0 ta koma 0x1. Babu filashin da ke dawo da shi, domin ba rubutu ba ne da za a goge, abu ne ya ƙone a cikin ƙarfe. Manhajojin ajiyar sirri da na biyan kuɗi irin su Secure Folder da Samsung Pass da Samsung Wallet sun tafi ke nan, ko da ka cire rutin ka kulle komai. Sai dai a canza injin gaba ɗaya. Duk mai gyaran da ya ce maka zai mayar da Knox 0x0 da kwamfuta, riƙe kuɗinka.

Doka ba ta kare ni ba? Ai da kuɗina na saya.

Rutin ɗin wayarka ta kanka ba sata ba ce, kayanka ne. A Amurka tun 2010 aka ware buɗe waya daga cikin abin da dokar haƙƙin mallaka ta hana, kuma suna da dokar garanti ta Magnuson-Moss ta 1975, wadda ake kafa hujja da ita cewa sai kamfani ya nuna canjin da ka yi ne ya jawo lalacewar. A Tarayyar Turai mai sayarwa yana ɗauke da alhakin kaya na shekara 2 bisa doka, ko mene ne kamfani ya rubuta a takardarsa. Mu a Najeriya muna da dokar kare masu sayen kaya ta 2018 da hukumar FCCPC da ke karɓar ƙorafi, kuma wanda aka hana gyaran lalacewar ƙarfe yana da damar kai kuka can. Amma ka auna da kanka: rubuce-rubuce da jira, wayarka kuma tana ajiye a mace.

Afdet zai ci gaba da zuwa bayan rutin?

Saƙon zai iya zuwa, shigarsa ce matsala. Yawancin afdet ɗin da ke saukowa ta iska ba cikakkiyar manhaja ba ce, maho ne. Ka ɗauka tela ya yanka maho daidai da rigar da ya ɗinka maka, bisa awon da ke littafinsa, kai kuma ka riga ka kai rigar wani wuri an rage hannu an buɗe wuya. Kafin afdet ya shiga sai ya auna sassan wayar ya ga ko suna nan yadda suka baro kamfani. Idan ya tarar an taɓa, ɗayan uku ne zai faru. Ko ya ƙi shiga, wannan shi ne mafi sauƙi. Ko ya shiga ya share rutin ɗin, ka koma farko. Ko kuma ya shiga rabi, wayar ta yi ta kunna kanta tana mutuwa a kan tambari. Na ukun nan ne ke kawo min mutane da sassafe, wasu tun daga Dass ko Alkaleri, domin da daddare suka danna "sabunta" suka kwanta.

Akwai hanyar da gwanaye ke bi. Tun Android 7.0 ta 2016 wasu wayoyi ke zuwa da ɗakuna biyu na manhaja, kana aiki da ɗaya ana zuba afdet a ɗayan. A irinsu za ka mayar da fayil ɗin tashi na asali, ka bar afdet ya gama sauka, sannan kafin ka sake kunnawa ka sa Magisk ta shiga ɗaya ɗakin. Mataki ɗaya ka tsallake, aiki ya ɓaci. A Samsung kuwa wayar za ta gaya maka ƙarara cewa an canza manhajarta ba da izini ba, ta rufe ƙofar afdet. Daga nan kowane sabuntawa sai ka sauke cikakkiyar manhaja mai nauyin gigabait da yawa, ka gyara ta, ka zuba da Odin, manhajar filashin Samsung, a kwamfuta. Ka lissafa kuɗin data, ka lissafa lokaci, sannan ka tambayi kanka sau nawa za ka jure. Abin da nake gani shi ne mutum ya yi sau ɗaya ko biyu ya gaji, wayar ta zauna a tsohuwar manhaja har ta tsufa.

Kada kuma ka ce in sabuwar ba ta yi maka ba za ka koma tsohuwa. Wayoyi da yawa suna da abin da ke hana komawa baya. A 2018 masu Redmi Note 5 da dama sun kashe wayoyinsu ta wannan hanya.

Manhajojin da ke Play Store, irin su WhatsApp da Facebook, su za su ci gaba da sabuntuwa yadda suka saba. Babbar manhajar wayar ce da facin tsaro ke tsayawa.

To in afdet bai zo ba sai me? Ni dama cinye min data yake yi.

Wannan magana ina jin ta kullum, kuma ita ta fi tayar min da hankali. A 2015 wani mai bincike, Joshua Drake, ya gano ɓaraka a Android da aka kira Stagefright, wadda ta shafi wayoyi kusan miliyan 950. Saƙon bidiyo guda da aka turo wa lambarka ya isa a kutsa cikin wayar, ko ba ka buɗe ba. Bayan wannan ne Google ya fara fitar da facin tsaro wata-wata. Kowane faci toshe wata kafa ce da aka gano, kuma da an fitar da shi ɓarayin intanet ma sun san inda kafar take. Wayar da ta tsaya ba afdet gida ne da kowa ya san ta inda katangarsa ta zube.

Manyan wayoyi yanzu alkawarinsu ya yi tsawo: Pixel 8 ta 2023 da Galaxy S24 ta 2024 shekara 7 aka yi musu alkawari. Mai irin wannan waya da ya yi rutin ya yi asarar abu mai yawa. Ƙananan wayoyin da suka fi yawa a hannunmu ba sa samun ko kusa da haka, kuma idan nasu ya ƙare lissafin ya canza, zan zo kan wannan.

Manhajar bankina za ta yi aiki?

Tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 waya ta zama aljihu. Mai shayi, mai kayan miya a Muda Lawal, ɗan acaɓa, kowa taransfa. Manhajojin kuɗi da yawa suna tambayar Google ko wayar nan tana nan yadda aka ƙera ta, ta wani tsari mai suna Play Integrity, wanda ya gaji SafetyNet. Idan amsar ta zo a'a, wata manhajar ta ƙi buɗewa, wata ta rufe kanta da ka shiga.

Akwai dabarun ɓoye rutin, na san su, kuma suna aiki na ɗan lokaci. Amma wasan ɓuya ne da kamfanin da ya gina gidan. Yau ta yi, jibi an toshe, kuma a sababbin wayoyi shaidar daga cikin ƙarfen injin take fitowa, inda manhaja ba ta iya yi mata ƙarya cikin sauƙi. Ranar da za ta ƙi kuwa ba ta sallama, sai kana tsaye gaban mai magani ko a gidan mai. Ni ba na yin rutin a wayar da kuɗina ke ciki, kuma duk wanda ya ce min da wayar yake sana'ar POS ko karɓar kuɗin ciniki, ba na yi masa ko nawa zai biya.

A wasu wayoyin Netflix ma yakan rage kyan hoto bayan an buɗe butloda, ko ya ɓace daga Play Store.

An ce rutin na ba da data kyauta, yana kuma ƙara RAM.

Ba ya yi. Lissafin datarka a na'urorin MTN ko Airtel ko Glo yake, ba a cikin wayarka ba, ikon da ka samu a wayar bai kai can ba. RAM kuma ƙarfe ne da aka manna a inji. Abin da ake yi shi ne aron wani yanki na ma'ajiya ya taimaka, kuma wayoyin yanzu suna zuwa da wannan ba sai da rutin ba, Tecno da Infinix suna kiransa MemFusion, Samsung kuma RAM Plus. Masu ƙara wa inji gudu su tuna da zafin Bauchi na watan Maris da Afrilu. Batirin da ke kumbura har ya ɗaga murfi ba daga sama yake faɗowa ba.

Manhajojin danna-sau-ɗaya fa, irin su KingRoot?

Zamaninsu ya wuce. Sun yi aiki a Android 4 da 5 ta hanyar bin ɓarakar tsaro, kuma an toshe waɗannan kafofi tuntuni. Abin da ke yawo yau da irin sunayen nan a tashoshin Telegram da shafukan saukar da manhaja, ka ɗauke shi tarko. A 2016 wata muguwar manhaja da aka kira Gooligan ta yi wa wayoyi rutin a ɓoye ta sace shiga asusun Google sama da miliyan 1. Manhajar da ba ka san mai ita ba, ka miƙa mata makullin ɗakin nan da hannunka, garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

An yi wa wayata aiki, yanzu ba ta kama sabis. Me ya faru?

Danna *#06#. Idan lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ba ta fito ba, ko ta fito ba daidai da ta jikin kwali ba, an goge wurin da take zaune. A wayoyin MediaTek wannan na faruwa idan mai aiki ya zaɓi goge komai a manhajar filashin mai suna SP Flash Tool ba tare da ya ajiye kwafin sashen ba. Wayar za ta tashi lafiya, kyamara na yi, Wi-Fi ma wataƙila, amma layi ba ya hawa. Mai gyaran kirki yana ajiye kwafi kafin ya taɓa komai, kuma kana da haƙƙin tambayarsa ko ya yi. Ka duba kwamfutarsa ma. Idan batirinta ya mutu, da wutar NEPA kaɗai take tsaye, kada ka bari a fara, domin ɗauke wuta a tsakiyar zubi na iya kashe waya murus.

Mayar wa waya lambarta ta asali gyara ne. Sa mata wata lamba daban aikin masu sayen kayan sata ne, a Ingila ma laifi ne bisa dokar 2002, kuma ba a yi a shagona.

Na goge hotuna bisa kuskure, rutin zai dawo da su?

Kada ka gwada. Kafin a yi rutin sai an buɗe butloda, buɗewar kuma tana goge wayar tare da makullin sirrin da aka kulle bayananka da shi. Abin da kake nema da wanda ba ka rasa ba duk za su tafi tare. Duba kwandon shara na manhajar hotuna da Google Photos tukuna, sau da yawa suna can.

Wayar biya-kaɗan-kaɗan da aka kulle, ko wayar matata da nake son bibiya?

Duka biyun ba na yi. Ta farko bashi ne ka ɗauka da alkawari, wayar ba ta gama zama taka ba, karya makullinta cin amana ne. Ta biyu kuwa addininmu ya hana bin diddigin sirrin mutane, kuma ban taɓa ganin gidan da leƙen waya ya gyara ba.

Manhajojin banza da talla sun ishe ni. Ba wata hanya sai rutin?

Akwai, kuma wannan ce amsar da ta fi yi wa yawancin masu zuwa wurina amfani. Kukansu gaskiya ne: ka sayi waya da guminka, ka tarar an cika ta da abin da ba ka nema ba, suna cin ma'ajiya suna turo talla. Da yawansu ana iya dakatar da su daga saitin waya. Masu taurin kai kuma ana cire su daga gabanka da kwamfuta ta hanyar ADB, wato ba waya umarni daga kwamfuta, ba a buɗe butloda ba, ba a goge komai ba, garanti na nan, afdet na zuwa. Aikin minti kaɗan ne, sai dai a san abin da ake cirewa, kada a taɓa wanda wayar ke dogara da shi. Talla kuma, tun Android 9 akwai wurin sa adireshin DNS na kanka a saiti, wato na'urar da ke nema wa waya hanyar shafukan intanet, kuma akwai irinta da ke tare da yawa daga cikin tallan. Ɗaukar bidiyon allo, hana manhaja shiga kyamara ko lambobi, duk abubuwan da muka yi rutin dominsu shekaru goma da suka wuce, yanzu suna cikin Android.

To wa ya kamata ya yi rutin?

Mai tsohuwar waya ta biyu, wadda garantinta ya ƙare, kamfani ya daina turo mata afdet, kuma babu kuɗi ko sirri a ciki. A nan buɗe butloda alheri ne, domin za ka iya zuba mata LineageOS, wata Android da masu sa kai ke ginawa, wadda ta gaji CyanogenMod bayan rufe ta a ƙarshen 2016, wayar da aka yi watsi da ita ta samu sabuwar Android da facin tsaro. Sai dai a duba jerin wayoyin da suke tallafawa kafin a saya ko a fara: Pixel da Xiaomi da OnePlus da Motorola sun fi yawa, Tecno da itel kuwa da wuya ka same su.

Sai kuma mai son koyo. Idan kai ɗalibi ne a ATBU ko Poli kana sha'awar yadda na'ura ke aiki, nemi tsohuwar waya mai arha ka yi ta kashewa kana tayarwa. Abin da za ka koya game da Linux a wata uku da hannunka zai zauna maka fiye da abin da ka haddace don jarrabawa. Irin waɗannan yaran idan suka zo, kujera nake ba su.

Zan sayi waya ta hannu. Ta yaya zan gane an taɓa yi mata rutin?

Wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp ta zo min kwanaki da waya mai kyau, ba ko ƙwarzane, ɗanta ya sayo mata. Ta ce, "Ɗana, duba min, komai na yi amma banki ya ƙi buɗewa, masu sayen kaya suna ta turo kuɗi ban gani ba." Na kashe na kunna a gabanta, gargaɗin ya fito na 'yan daƙiƙoƙi ya wuce. Ta ce ai kullum tana ganinsa, ta ɗauka gaisuwar wayar ce. Mun yi sa'a tata ta karɓi manhajar asali ta kullu, amma sai da muka kwashe hotunan kayanta sama da dubu zuwa kwamfuta muka mayar, ta wuni a shagon.

Don haka kafin ka biya, kashe wayar gaba ɗaya ka kunna da hannunka, ka zuba wa allon ido tun daga farko. Duba jerin manhajoji ko akwai na rutin irin su Magisk ko SuperSU ko KernelSU, ko da yake ana iya ɓoye su. Shiga saitin Play Store, can ƙasa wajen bayani, ka ga ko ya ce an tantance na'urar. Nemi afdet daga saiti ka ga abin da za ta ce, ka kuma duba kwanan watan facin tsaro na ƙarshe. Idan Samsung ce, gwada buɗe Secure Folder, ko ka sa mai shagon ya shigar da ita yanayin zuba manhaja ka karanta da idonka ko 0x0 ne ko 0x1. Gwada *#06# da kwali. Sannan ka sa layinka, ka sauke manhajar bankinka a nan gaban mai sayarwa ka ga ta buɗe, ka kuma tabbatar ya cire asusunsa na Google kafin ka bar wurin.